Yara sittin da uku, malama ɗaya: yaya za a bar su su koya da hannunsu?

"Assalamu alaikum Hajiya. Ni malama ce a ajin share fage na wata firamare a ƙauye, cikin ƙaramar hukumar Gumel. Kwanaki an kai mu bita, aka ce mu rage sa yara maimaita abin da muka faɗa, mu bar yaro ya zaɓi abin da zai yi, ya koya da hannunsa. Yarana sittin da uku ne, ni kaɗai, ba kujeru, ba kayan wasa, sai allon bango da alli. Ranar da na gwada, ajin ya koma kasuwa. Wani uba ya zo ya ce shi karatu ya kawo ɗansa, in wasan ƙasa ne akwai ƙasa a gida. Hedimasta ma ya fi son ya jiyo ana rera ABCD. Shin wannan tsarin na makarantun kuɗi ne na birni, ko akwai yadda zan yi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba da lada, don riƙe 'yan shekara huɗu da biyar har sittin da uku daga safe zuwa tashi ba ƙaramin aiki ba ne. In na fahimce ki, abu uku ne suka haɗe miki: ba kaya, yara sun yi yawa, sannan iyaye da hedimasta ba su ɗauki abin da aka koya miki a matsayin karatu ba. Rashin kaya shi ne mafi sauƙi cikin ukun, za ki gani. Amma bari in fara gaya miki gaskiya: abin da kika gwada ranar nan sakin yara ne, tsarin kuwa wani abu ne daban. Ba laifinki ba ne. Bitar kwana biyu ko uku takan gaya wa malami abin da zai bari, ta manta ta nuna masa abin da zai kama. Ni ma a shekarata ta farko da 'yan ƙanana na zube musu marafen kwalba a tsakiyar tabarma na ce kowa ya ɗauka, kafin minti biyar an fasa wa wani leɓe. Na daɗe kafin in gane cewa idan yaro ne zai zaɓi aikinsa, to aikin malama ƙaruwa yake yi, sai dai yakan tashi daga bakinta ya koma idonta da shirin da ta yi tun jiya.

Asalin abin

Sunan da aka fi jingina wa wannan tsari shi ne na Mariya Montessori, likita 'yar Italiya da aka haifa a 1870. Yau in an ji sunanta sai a tuna makarantun masu hali, alhali ajinta na farko, wanda ta buɗe a Janairun 1907, a San Lorenzo yake, unguwar talakawa a birnin Rum. 'Ya'yan leburori ne da iyayensu ke fita nema su bar su suna gararamba a gidajen haya, su hamsin zuwa sittin, daga 'yan shekara uku zuwa shida a ɗaki ɗaya. Wadda ke zama da su kullum 'yar mai gadin gidan ce. Kin ga kenan ajin ya fi kama da naki a kan na birni. Abin da likitar ta lura da shi shi ne yaran sun fi nacewa kan aikin gaske, shara, wanke hannu, saka maɓalli, jera abubuwa, fiye da 'yar tsanar da aka ba su, kuma idan yaro ya zaɓi aiki da kansa yakan maimaita shi sau da yawa cikin natsuwa ba mai tsawata masa. Kafin ita, Froebel a Jamus ya raɗa wa irin wannan makaranta suna "lambun yara" a 1840, yana nufin malami kamar mai lambu ne, gyara ƙasa da ban ruwa ne nasa, tsiro kuwa da kansa yake fitowa.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ki dubi makarantar allo. Kowane yaro da allonsa, kowa da inda ya tsaya, ba a jiran wani, ba a jan wani. Wanda ya iya ya wanke, a rubuta masa gaba. Ƙolo na zaune kusa da titibiri, babba na biya wa ƙarami, malam na bi ɗaya bayan ɗaya. Tafiyar kowane yaro daidai ƙarfinsa, da cuɗa manya da ƙanana, ginshiƙai biyu ne na abin da aka koya muku a bita, kuma kakanninmu sun san su. Haka ɗan maƙeri: da zuga-zugi yake farawa, yana kallo, yana taɓawa, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya haddace sunayen guduma da uwar maƙera kafin a bar shi ya shiga.

Ga kuma abin da za ki riƙe saboda hedimasta. Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2004, ta faɗa ƙarara cewa wasa ne babbar hanyar koyarwa a matakin da ke gaban firamare, ta kuma sa malami ɗaya ga yara ashirin da biyar. Dokar ilimin bai-ɗaya ta wannan shekarar ita ma ta shigar da kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe. Saboda haka ba bidi'a kika kawo ba.

Me ya sa sai da hannu?

Gobe ki yi wannan gwajin. Ki kira yaron da ya fi kowa iya rera ɗaya zuwa ashirin, ki ajiye tsakuwa a gabansa, ki ce ya ba ki bakwai. Da yawansu za su damƙo su miƙo miki, ko su riƙa ƙirgawa baki na gudu yatsa na baya. Sannan ki jera tsakuwa biyar a layi, wasu biyar a ƙasansu daidai da daidai. Zai ce ɗaya suke. A gaban idonsa ki buɗa layin ƙasa ya yi tsawo, ki sake tambaya, zai ce na ƙasan ya fi yawa. Piaget, masanin nan ɗan Suwizalan, shi ya shahara da irin wannan gwaji, kuma ya nuna yawancin yara sai wajen shekara shida zuwa bakwai suke daina faɗawa wannan tarko. Ba dakikanci ba ne. A wannan shekarun yaro na hukunci da abin da idonsa ya gani, kuma ma'anar "bakwai" ba ta zama a kansa sai ya ɗauki abu bakwai, ya ajiye, ya raba, ya haɗa, ya ga ba su ƙaru ba ba su ragu ba, sau ba adadi. Rerawa na ba shi sunan lamba, hannu ne ke ba shi lambar kanta.

Akwai kuma na jiki. Yatsun ɗan shekara huɗu ba su gama ƙwari ba. Murza yumɓu, zura zare a huda, tsince tsakuwa daga wake, zuba ruwa daga buta zuwa kofi ba tare da ya zube ba, su ne ke shirya yatsu ukun da za su riƙe fensir. Na taɓa samun yaron da ya yi mako guda ba abin da yake zaɓa sai zuba ruwa. Raina ya so in janye shi, na daure. Da ya ƙoshi da kansa ya bari, kuma shi ne daga baya ya fi kowa daɗewa a kan aiki ba ya tashi. Natsuwa yake koya a wurin butar nan, kuma natsuwa ita ce jarin da zai shiga aji ɗaya da shi.

Kayan aiki suna bayan ajinki

Bayan girbi karan dawa ko'ina. Ki yanka guda goma, na farko santimita goma, kowanne ya ɗara na baya da goma, har na ƙarshe ya kai mita ɗaya. Wannan shi ne ainihin ma'aunin sandunan Montessori da ake saye da tsada. Yaro ya baje su ya jera daga gajere zuwa dogo, in ya yi kuskure idonsa zai nuna masa, matakalar ba za ta tafi daidai ba. Ki riƙe wannan siffar, don ita ce sirrin kaya mai kyau: abin da zai nuna wa yaro kuskurensa ba sai kin zo ba. Malamar da ke da yara sittin ba ta da abokin aiki kamar irin wannan kaya.

Gwangwanayen madara goma, ki ɗiga wa kowanne ɗigo daga ɗaya zuwa goma da lambarsa, ki ajiye tsinken kara hamsin da biyar cif. In ya gama rabawa ya ga saura ko ya ga bai isa ba, ya san akwai inda ya kauce. Marafen lemo a ware su launi-launi. Ƙwallon giginya, na goruba da na mangwaro a jera babba da ƙarami. Yumɓu daga bakin kududdufi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu kada ya bushe. Kwalin taliya a huda gefensa a ba da zare, ɗinki kenan. Haruffa kuwa, ki jiƙa ƙaro, irin wanda ake sa wa tawada, ki zana harafi da shi a kan kwali, ki barbaɗa rairayi, ya bushe. Yaro zai bi shi da yatsa yana faɗin sautinsa, sannan ya zana a faifai ko tiren da aka zuba wa rairayi, in bai yi ba ya girgiza ya sake, ba kuka ba asarar takarda.

Wanda na fi so shi ne kusurwar kasuwa. Ƙwarya, ludayi, gwangwani a matsayin mudu, rairayi a matsayin gero, ganyen darbejiya a matsayin kuɗi. Na yi wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba, har na fara zaton ba ta fahimta. Ashe tana raka yayarta tallan ƙuli-ƙuli. Ranar da muka buɗe kasuwa sai ga ta tana ba da canji, tana gyara wa maza lissafi, "ganye biyar ka ba ni, na uku ka saya, ga biyunka." Da allon bango kaɗai na tsaya, da na rubuta mata ba ta iya lissafi ba a ƙarshen zango, kuma da na zalunce ta.

Hattara ɗaya: 'ya'yan tsamiya, wake da gero suna shiga hanci da kunne. Ga ƙananan cikinsu ki tsaya kan abin da ya fi ƙarfin hanci da maƙogwaro, ƙananan ƙwayoyi kuwa sai a rukunin da kike zaune a ciki.

Yadda za ki hana aji zama kasuwa

'Yancin zaɓi yana da shinge. Yaro zai zaɓa ne cikin abin da ke kika ajiye, kuma ba ya taɓa abin da ba a nuna masa yadda ake yi ba. Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Kowane sabon kaya sai kin zauna kin nuna shi a hankali, hannu na aiki baki na shiru, domin in kina magana bakinki za su kalla. Ki ɗauko, ki yi, ki tattara, ki mayar inda kika ɗauko. Mayarwar ma darasi ce. Dokokina uku ne kawai: abin da ke hannun wani ba a ƙwacewa, sai a jira, wanda ya ɗauko shi zai mayar, ba duka. Ki ba kowane mai aiki buhun siminti ko na shinkafa da aka yanka ya shimfiɗa, nan ne gonarsa, ba mai taka masa. Za ki sha mamakin yawan faɗan da wannan buhun ke kashewa.

Da yawan yaranki, ba zan ce ki sake su gaba ɗaya kowa ya nufi inda ya so ba. Ki raba su rukuni huɗu, kowane rukuni da launin zaren da za a ɗaura a hannu. Rukuni ɗaya na gabanki a tabarma kuna haruffa ko lamba, sauran ukun na kusurwoyi, ɗaya ma na iya zama a inuwar bishiya a bakin ƙofa inda idonki ke kaiwa. A cikin kusurwa yaro ke zaɓar abin da zai ɗauka da tsawon lokacin da zai yi da shi. Bayan kamar minti ashirin a juya. Masu bin tsarin Montessori sau da ƙafa za su ce wannan rabi ne, don su sukan ba da awa uku a jere ba katsewa. Gaskiyarsu, amma rabin da zai yiwu ya fi cikakken da zai watse ran Talata. Kada kuma ki buɗe duka kusurwoyin rana ɗaya. Mako na farko ɗaya tak, sauran yara na abin da suka saba. In ta zauna ki ƙara ta biyu. Wata guda zuwa ɗaya da rabi kafin duka su tsaya, kuma hayaniyar makon farko ba alamar faɗuwa ba ce.

Ki cuɗa manya da ƙanana a kowane rukuni, ki naɗa babba mai kula da kaya, ana juyawa. Ki sami alamar tsayawa guda ɗaya da ba ta canzawa, tafi uku ko wata gajeriyar waƙa, ki yi ta maimaita ta har ta zama jiki. Tsumagiya kuwa ki ajiye ta. Yaron da ke tsoron kuskure ba zai gwada komai ba, zai zauna ne yana jiran a faɗa ya maimaita, kuma duk ginin ya rushe kenan.

Wata dabara da na aro ta yi mini amfani ƙwarai. Kafin a tashi zuwa kusurwa ki tambayi yara kaɗan, "Me za ka yi yau?" Bayan an gama, "Me ka yi? Yaya ka yi shi?" Wannan ta fito ne daga wani shiri da aka fara a 1962 a jihar Michigan ta Amurka, inda aka bi rayuwar yara 123 'ya'yan talakawa har suka kai shekara arba'in, aka ga waɗanda suka shiga ajin sun fi kammala sakandare, sun fi samun abin hannu, kuma ba su kai sauran shiga hannun hukuma ba. Sai dai a can malama ɗaya yara biyar ko shida take riƙewa, tana kuma ziyartar gidajensu duk mako, don haka ba zan yi miki alkawarin irin sakamakonsu ba. Tambayoyin biyu dai kyauta ne, kuma suna koya wa yaro ya yi niyya kafin aiki, ya kuma iya ba da labarin abin da ya yi.

Ki sayi ƙaramin littafi. Kullum yara biyar za ki sa wa ido, layi ɗaya kowanne: me ya zaɓa, ya daɗe ko bai daɗe ba, ina ya maƙale. Cikin mako biyu da rabi kin zagaye ajin. Daga littafin nan za ki san wanda ya isa a ƙara masa, da wanda kullum yake gudun kusurwar lamba, sai ki jawo shi ki zauna da shi. Barin yaro ya zaɓa bai hana ki kama hannunsa ba a daidai inda ya kusa iyawa amma bai kai ba.

Haruffa, uban yaro da hedimasta

A nan ina saɓa wa wasu masu ba da bita. Yaro na koyon magana da kansa, amma ba ya gano karatu da kansa. Ba yadda za a yi ya san wannan zanen "b" ne in ba a gaya masa ba. Don haka sautin haruffa sai an koyar, kai tsaye, kullum, minti goma zuwa sha biyar, a ƙaramin rukunin da ke gabanki. Ki fara da Hausa. Rubutunmu yadda ake faɗa haka ake rubutawa, wanda ya san b da a zai haɗa "ba", gobe ya karanta "baba" ya gane mahaifinsa ake nufi, ranar kuwa za ki ga fuska. ABCD da ake rerawa sunayen haruffa ne na Turanci, ba sa taimaka masa ya haɗa kalma. Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci na matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. Waƙa da rerawa kuma kada ki yar da su. Da safe a zagaye a yi gaisuwa, addu'a, waƙa, tatsuniya, kacici-kacici. Hedimasta zai jiyo muryar da yake so, yara kuma suna ƙaruwa da kalmomi.

Uban nan kuwa, ina ganin girmansa, don ya damu har ya tako. Tsoronsa kada ɗansa ya ɓata shekara a banza, kuma tsoro ne mai tushe. Kada ki yi musu da shi. Ki ce, "Malam, don Allah ran Alhamis ka ba mu minti goma." Ya zo ya ga ɗansa ya ƙirgo tsinke takwas ya sa a gwangwanin takwas, ya zana harafin farko na sunansa a rairayi. Gani ya kori ji. Ki tambaye shi cikin ladabi yadda ya koyi riƙon fartanya, zai ba ki amsar da ke kanki kike son ba shi. Kalmar "wasa" ma ki rage ta a gaban iyaye, ki ce "aikin hannu", domin gaskiya aiki ne. Ki kuma nemi hedimasta ya kai maganar zaman kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, inda mai unguwa da liman da iyaye mata suke. Abu biyu za ki roƙa: kowane gida ya turo gwangwani, kwali da marafe, sannan a samo uwa ɗaya ko biyu da za su riƙa zama da ku awa ɗaya da safe bi da bi. Dattijuwa guda a kusurwar yumɓu, ko ba ta taɓa shiga boko ba, ta fi kwali goma na kayan wasa, kuma ita ce za ta kare ki a gidan suna da bakin rijiya.

Inda shawarata ta tsaya

Sittin da uku ya ninka abin da manufar ƙasa ta tsara fiye da sau biyu, kuma ba dabarar da za ta goge wannan. Abin da na faɗa zai sassauta, amma wasu yaran za su wuce ba ki ba su abin da ya kamace su ba. Ku ci gaba da rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma kuna neman ƙarin malama ko mai raino, da adadin yaran a rubuce. Yaron da ya fito ba karin kumallo ma ba kusurwar da za ta riƙe shi bayan tara, wannan magana ce ta iyaye da kwamiti. Da damina da ranar kasuwa za su ragu, in sun dawo sai kin sake nuna dokoki kamar sabo.

Sannan idan littafinki ya nuna miki yaron da wata biyu ba ya waiwayowa in an kira shi ta baya, ko yana kai abu dab da ido, ko kunnensa na zubar da ruwa, ko ya kai shekara huɗu ba ya haɗa kalma biyu zuwa uku, wannan ya wuce aikin malama. Ki sami mahaifiyarsa a keɓe, ba a gaban mutane ba, ki ba ta shawarar zuwa asibiti a duba ji da gani. Ban ga ɗakinki ba, ban san ko yana da ƙofar da ake kullewa ba. In babu, ki zuba kayan a buhu biyu ki riƙa ajiyewa a ofis ko gidan da ke maƙwabtaka. Ki fara da karan dawa ran Litinin, bayan wata guda ki rubuto mini wace kusurwa ce aka fi faɗa a cikinta, sai mu duba ko kayan ne suka yi kaɗan ko nunawar ce ba ta isa ba.